Jan launin da ya hana ni barci a FreeCAD

Kawuna mai walda ne, shi ya ce in duba masa ko maƙalin ƙarfen da zai kafa a bango zai ɗauki tankin ruwa mai lita 500, wato rabin tan idan ya cika. Kuɗin lasisin manyan manhajojin zanen injiniya ya fi ƙarfina, sai na sauke irinsu mai suna FreeCAD tunda kyauta ce. Na zana ƙarfen, sai na miƙa wa Gmsh da CalculiX, manhajoji biyu da FreeCAD ke aiki da su: Gmsh ya yayyanka shi gutsi-gutsi kamar ragar kamun kifi, CalculiX ya yi lissafi. Kafin shayina ya huce hoto ya fito da launukansa. Wallahi na ji daɗi.

Daɗin bai je ko'ina ba. A lungun da hannun maƙalin ya haɗu da farantin bango sai ga ja wur, matsin von Mises, wato ma'aunin da ake duba ko ƙarfe zai lanƙwasa, ya haura megafaskal 235, inda irin ƙarfen nan ke fara lanƙwasa. Na ƙara wa ragar ƙanƙanta don in tabbatar, lambar ta tashi. Na sake, ta ƙara tashi, fankar kwamfutata na ta gurnani. Kwana biyu ina hana Kawu taɓa ƙarfe, shi kuwa mai tankin yana ta kiransa a waya.

Ashe laifin zanena ne. Kusurwa mai kaifi da ke shigewa ciki, a lissafi matsinta ba shi da iyaka, duk yadda ka ƙara wa raga ƙanƙanta sai dai ya hau. Da na zagaye lungun kaɗan, kamar yadda walda ke cike shi, lambar ta tsaya wuri ɗaya, ta kuma yi kusa da abin da na samu da biro da takarda.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne masu bidiyon koyarwa da na bi. Ko ɗaya bai faɗa mini cewa ja yana nufin wurin da ya fi ko'ina matsi ne kawai ba, ko da matsin bai taka kara ya karya ba. Launi suke nunawa su wuce.

Manhajar kam ta biya ni, zan ci gaba da ita. Na ce wa Kawu ya ƙara ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a lungun, ya ce da ma haka ya yi niyya.