Ajin Taƙaita Labari na Ranar Asabar: Abin da Na Gani

Makonni shida ke nan da na sanya 'yata, wadda take aji biyu na babbar sakandare, a wani ajin ƙarin darasi da ake yi kowace Asabar a unguwarmu a Kano, inda ake koyar da taƙaita ƙagaggun labarai. Abin da ya kai ni shi ne, duk sa'ad da aka ce ta taƙaita littafi, sai ta ɓige da yanke wa mutanen cikinsa hukunci, ta bar abin da ya faru.

Malamar ta fara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, kuma a ganina zaɓin ya dace ƙwarai, domin tauraron littafin, Alhaji Imam, shi ne yake ba da labarin da bakinsa, shi ya sa ɗalibi yake saurin goya masa baya a kan abokin karawarsa, Malam Zurƙe. A aikin farko 'yata ta rubuta cewa Malam Zurƙe mugu ne marar kunya. Da takardar ta dawo, sai na ga an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmomin, an rubuta a gefe: "'Yata, me ya aikata? Ki faɗi aikin, ki bar wa mai karatu hukunci." A aji kuma malamar ta tuna musu cewa shi ma Alhaji Imam ya sha shirya wa Zurƙe makirci, don haka wanda ya kira ɗaya mugu ya ƙyale ɗayan, ra'ayinsa ya rubuta, ba labarin ba.

Yadda take yi shi ne, a karanta babi, a rufe littafi, kowa ya rubuta abin da ya auku cikin jimloli biyar, sannan a yi musayar takardu, kowa ya soke duk kalmar yabo ko zargi da ya tarar a ta ɗan'uwansa. Wannan musayar ce ta fi gyara hannun 'yata.

Inda ajin ya gaza shi ne ƙarancin littattafai, har ɗalibai uku sukan haɗu a kan kwafi ɗaya. Ba a kuma taɓa batun jigo da salo ba, alhali jarrabawar WAEC da NECO tana tambayar su. Na biya kuɗin zango mai zuwa, na kuma roƙi malama ta ware ko da rabin sa'a domin sharhi.