Wasiƙa daga Japan zuwa ga ƙanena mai atisayen ƙwallon kwando a Ƙofar Mata

Assalamu alaikum Sadisu. Ina fata kana lafiya, da Umma da Yaya Binta da yaranta. Saƙonka na murya ya same ni a cikin motar ƙungiya muna dawowa daga wasa, sai da na saurare shi sau uku. Ka ce wani eja, wato wakilin 'yan wasa, ya neme ka ta Instagram, wai zai kai ka Turai idan ka tura masa kuɗin biza da na gwaji. Ka kuma tambaye ni a cikin ƙasashen da na buga wasa wacce ta fi daɗin zama. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na yarda ka nuna wa sauran yaran da kuke atisaye tare.

Maganar ejan nan mu rufe ta tun yanzu: kada ka tura masa ko sisi. Eja na gaskiya yana da lasisin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sunansa yana shafinsu na intanet, kuma kasonsa daga kwantiragin yake fita bayan an sa hannu, galibi kashi 10 cikin 100. Wanda ya fara da "turo" ba kulob ne a hannunsa ba.

Bari na fara da takalmi, tunda da shi ka san ni. Ka tuna yadda nake sammako zuwa Ƙofar Wambai duk ranar da za a kwance sabuwar dila, ina laluben kambas lamba 48, sau da yawa in dawo hannu rabbana. Wanda na samu kuwa sai na kai wa shumekan bakin layinmu ya bi gefensa da zare kafin ma ya fara ɓallewa. A Sifaniya na fara ganin an miƙo mini takalmi sabo dal a kwali, ƙafa biyu, ƙungiya ce ta saya. Wata uku bai cika ba ƙasansa ya fara sulɓi a kan katakon filin wasa, na shiga gari neman mai gyara. Na samu wani dattijo, ya juya takalmin ya duba, ya ce kuɗin aikinsa ya kusa rabin kuɗin sabo, gara in jefar. Mai kyau a can ya haura Yuro 100. Ban jefar ba, shi ne wanda na kawo maka a 2018, kuma shumekanmu ya ƙara masa shekara biyu. A nan Japan da santimita suke awon ƙafa, kuma manyan shaguna ba kasafai suke ajiye girmana ba, sai dai oda ta intanet. Amma idan suka ce zai iso gobe tsakanin ƙarfe 2 da 4, to kafin 4 za ka ji ƙararrawar ƙofa.

Tunisiya ce farkon fitata, a 2016, shekara guda bayan D'Tigers, 'yan wasan Najeriya, sun doke Angola a garin Rades na can sun ɗauki kofin Afirka na AfroBasket. Albarkacin wannan kofin da mutunci ake kallon ɗan Najeriya a can. Zaman bai yi mini wuya ba. Kiran salla kana ji daga ɗaki, nama ba sai ka tambayi yadda aka yanka ba, burodi araha. Motar haya tsakanin garuruwa suna ce mata luwaj, ba ta tashi sai ta cika, tamkar kana tashar Unguwa Uku. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne doka ta hana fita da dinarinsu waje. In za ka je irin wannan ƙasa, tun wajen sa hannu a rubuta da wane kuɗi za a biya ka, da yadda zai iso gida.

Sifaniya kuwa fasfonka na Najeriya kadara ne. A lokacin akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a Kwatano a shekarar 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, kuma saboda ita ba a lissafa ni a gurbin baƙi irin na Amurkawa ba. "Ɗan Kwatano" suke kiranmu. Wannan ne ya ba ni gurbi a rukuni na biyu, wanda a lokacin ake ce wa LEB Oro, ƙasa da babbar gasarsu ta ACB. Albashin ba wani abin ku zo ku gani ba ne. Gida ɗaya mu uku, tafiyar wasa a bas wani lokaci awa takwas, kuma kwantiragin na watannin kakar wasa ne kawai, daga an tashi hutu babu ko kwabo sai an dawo. Shagunan unguwa suna rufewa da rana bayan azahar, abincin dare sai ƙarfe 9 ko 10, naman alade kuma a cikin komai. Mahautan Maroko ne suka rufa mini asiri.

Amma a can na gane mene ne kula da jikin ɗan wasa. A wani wasan Asabar na diro daga kwando ƙafata ta sauka a kan ta wani, gwiwar dama ta yi ƙara. Kafin in miƙe likitan ƙungiya ya iso da ƙanƙara. Litinin da safe aka saka ni a na'urar MRI, da yamma likita ya juyo mini da allon kwamfuta yana nuna mini da biro inda guringuntsin ya tsage. Mako bai zagayo ba aka yi aiki. Sai gashi da motsa gwiwa kullum har wata uku, wata mata ce take riƙe da agogo tana ƙirga mini, ba ta taɓa bari na tsallake ko ɗaya ba. Ban biya komai ba, inshorar ƙungiya ce ta ɗauka, albashina kuma bai tsaya ba. Ina kwance a gadon nan ina tuna abokina da muka taso tare a filin makarantarmu, wanda ka sani, ya fi ni tsalle ya fi ni hannu. Irin ciwon nan ya samu, aka ce targaɗe ne, mai ɗori ya ja ƙafar, ya koma fili bayan sati biyu saboda tsoron kada a ba wani gurbinsa. Yau ko matakala da ƙyar yake hawa. Ba rashin likitoci ba ne a Kano, muna da asibitin ƙashi na Dala da mutane ke zuwa daga jihohi masu nisa. Wanda zai biya kuɗin hoton da na aikin ne babu, tunda takardar da muke sa wa hannu ba ta ce komai a kan rauni ba.

Da gwiwa ta warke sai aka yi mini tayi daga Labanan, ninki biyu na abin da nake samu, kuma da Dala. Na tafi a 2019. Mutanen can suna son ƙwallon kwando kamar yadda Kanawa ke son Sai Masu Gida, ɗakin wasa cike, ganguna har a tashi. Abinci halal, ga daɗi. Wutar lantarki kuwa sai na ga kamar ban bar gida ba: ta gwamnati ta ɗauke, sai ta mai janareton unguwa ta karɓa, ana biyansa duk wata. Maja ce sak irin ta kasuwanninmu. A watan Oktoba na shekarar zanga-zanga ta ɓarke, wasanni suka tsaya, bankuna suka rufe, da suka buɗe kuma suka taƙaita abin da mutum zai iya cira. A takarda Dala ɗaya tana nan a Lira 1,507, a titi farashin ya kama gabansa. Na sha tsayawa a layi tun safe in fito da abin da ko cefanen mako bai kai ba, ga Umma tana jiran kuɗin maganinta. Ban taɓa gaya mata ba. Wani abokina ne a Wapa ya riƙa kai mata Naira a kan amana, babu takarda babu shaida, har na tsawon wata huɗu. Allah ya saka masa da alheri.

Ƙungiyar ta riƙe mini albashin wata uku. Abin da ya cece ni sakin layi ɗaya ne da ejana ya dage sai an saka, cewa duk wata rigima za a kai ta BAT, kotun sulhu ta ƙwallon kwando da FIBA ta kafa, mai mazauni a Janeba. Sai ka fara ajiye kuɗin shigar da ƙara, kuma ba kaɗan ba ne, amma idan ka yi nasara ƙungiya ta ƙi biya, ana iya hana ta rajistar sababbin 'yan wasa daga waje. Da wannan tsoron suka biya ni, bayan fiye da shekara. Abokin ɗakina babu wannan layin a takardarsa, har yau bai ga komai ba. Don Allah Sadisu, ko wace ƙungiya ce, karanta takarda kafin ka kalli adadin. Nemi sunan BAT, nemi abin da aka ce a kan rauni, nemi ranar biya da tikitin dawowa gida.

Nan Japan gasar tasu, B.League, a 2016 aka fara ta. Wasa 60 muke yi a kaka, yawanci Asabar da Lahadi a jere da ƙungiya ɗaya, don haka Litinin jiki kamar an yi maka duka. Lokacin da na zo baƙi biyu kawai ake bari a fili a lokaci guda, kuskure kaɗan ka koma benci. Albashi bai taɓa wuce ranarsa ba, in ranar ta faɗo Lahadi tun Juma'a yake shiga. An ba ni gida da mota da tafinta. Jirgin ƙasa in ya makara da minti biyu sai sun ba da haƙuri ta lasifika. Na taɓa mance jakar kuɗina a kan kujerar tasha, na same ta a ofishinsu ko takarda ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Sai dai abinci yana ba ni wahala ƙwarai. Miyarsu da yawa akwai giyar shinkafa a ciki, romon taliya na ƙashin alade ne, ko alewa sai na ɗora waya a kan leda ta fassara mini abin da aka haɗa. Kifi da ƙwai da shinkafa nake ta juyawa. In na samu hutu nakan shiga Tokyo in sayo kaza da rago a shagunan halal na Shin-Okubo, in yi Juma'a a masallacin Tokyo Camii da Turkawa suka gina. A garin da nake, wata biyu kan wuce ban samu jam'i ba. Azumin bana ni kaɗai na riƙa buɗe baki a ɗakin canja kaya da dabino uku da ruwan gora. Ina ƙarfafa kaina da tuna Hakeem Olajuwon, ɗan Najeriyan da ya riƙa buga wa Houston Rockets ta Amurka wasa da azumi a bakinsa. Maƙwabcina shekara biyu muna gaisawa da sunkuyar da kai, ban san sunansa ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni magani ya zo a kan lokaci, amma babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya jiki.

Shi ya sa tambayarka ta wace ƙasa ta fi ban iya ba ta amsa ɗaya ba. In don gwiwarka ne, Sifaniya. In don kuɗi ya shigo a ranarsa ne, nan. Kai dai yanzu ka dage ka samu gurbi a Pillars ko wata ƙungiyar firimiya, a ɗauki wasanninka a bidiyo cikakku, ba tsalle-tsallen minti ɗaya ba. Tun da aka fara gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka a Kigali a 2021 masu neman 'yan wasa suna kallon Afirka da kyau, ka ga Rivers Hoopers na Fatakwal sun zo na uku a 2024. In bidiyon ya haɗu ka turo mini, ni zan kai wa ejana da hannuna.

Akwai mai tahowa Tokyo daga Abuja ƙarshen wata. Ka ce wa Umma ta haɗa mini kuka da daddawa da yaji. Kilishi kada a saka, dokarsu ta hana shigo da nama, a filin jirgi za a karɓe. Ka shiga Kantin Kwari ka yanko mini shadda fara yadi goma ka kai wa telana, yana da awona, sai dai ka ce ya ƙara inci ɗaya a kafaɗa. Takalma biyu na ajiye maka, lamba 46, ɗaya ko sau biyar ba a saka wa katako ba, na wani abokin wasana ne da ya koma gida. Ka gaishe mini da Koci, ka ce ina nan tafe a watan Yuni in Allah ya kai mu.

Yayanka.