Zaman malamai na ranar Asabar a Tunfure, yadda na same shi

Masu tambayata a inbos kan zaman nan da wata Hajiya mai ba da shawara kan damuwa da gajiyar aiki ke yi wa malaman sakandare duk Asabar a Tunfure da ke Gombe, ni kam na ce ku je, musamman wanda ya lura ransa na ɓaci tun kafin ya shiga get ɗin makaranta.

Ba wa'azi take yi ba, ba ta kuma ba da magani. Zama ake a kewaye, mutum kaɗan, waya a kashe, sai ta fara da maganar barci, ƙarfe nawa ka kwanta, da ciwon kai ka tashi ko a'a. Wani malamin lissafi a gefena ya ce shi lafiyarsa lau, ɗan hawan jini ne kawai. Ta ce "Malam, yaushe rabonka da ka karanta amsar yaro har ƙarshe kafin ka sa maki?" Bawan Allah ya yi shiru yana juya hularsa a gwiwa, mu ma duk muka sunkuyar da kai don wallahi kowa ya san ya taɓa yi.

Abin da ya burge ni kenan, ba ta raba damuwa da aiki. Ta ce tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince akwai gajiyar da aiki ke jawowa, alamarta uku, ƙarfi ya ƙare, ka ji aikin ya fita a ranka, sannan abin da ka iya ma ya fara gagararka. To ai shi ne malamin da zai miƙa wa monita not ya kwafa a allo shi ya koma staf rum ya kifa kai a tebur, ko yaro ya yi ɗan tari ya sha bulala, ana zuwa WAEC kuma a ce yara ba sa karatu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibi 40 ga malami ɗaya a sakandare, nawa ajin ya kusa ninka haka, wasu ma a taga suke zama.

Dabarunta masu sauƙi ne, raba makin kashi-kashi maimakon kwana a kai, daina amsa WhatsApp ɗin makaranta bayan isha'i, samun abokin aiki ɗaya da za ka iya gaya wa gaskiya. Na WhatsApp ɗin nan kam ya yi min aiki sosai. In kuma ta ga abin mutum ya wuce hira ba ta riƙe shi, Asibitin Koyarwa na Tarayya take tura shi, ta ce ba hauka ba ne, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma an canza a 2023, ta 1958 ɗin nan ta tafi.

Sai matsaloli. Safiyar Asabar fa lokacin lesin ne da gona, wasu ma Keke Napep suke ja, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 zuwa daga Pantami ko Bolari ba wasa ba ne, ga kuɗin zaman a kai. Ɗakin ƙarami ne, in an ɗauke wuta zufa kawai. Babban kuskurenta shi ne haɗa mu da firinsifal da mataimakansu, haba Hajiya, wa zai ce aiki ya ishe shi gaban mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa? Malamai mata ma yawanci shiru suke har a tashi. Albashi kuwa da kanta ta ce ba ta da maganinsa, dubu 70 ɗin da aka sa mafi ƙarancin albashi a 2024 kowa ya san inda take tsayawa a kasuwa.

Wanda zai je ya nemi ganinta shi kaɗai tukuna kafin ya shiga na taron, kuma ya je da wuri, kujerun kusa da ƙofa ne kawai ke samun iska.