Hayar keke a gandun Hell's Gate na Naivasha: hanyar ta biya kuɗinta, keken ne sai ka duba da kyau

Gandun dajin Hell's Gate yana kudu da tafkin Naivasha a ƙasar Kenya, kimanin kilomita 90 daga Nairobi. An kafa shi a 1984, kuma ƙarami ne, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 68 ne. Abin da ya fitar da shi daga cikin sauran gandayen ƙasar shi ne ana barin mutum ya shiga a ƙafa ko a kan keke, ya wuce jakunan dawa da raƙuman dawa da barewa ba tare da gilashin mota a tsakaninsu ba. Wannan ne ya haifar da sana'ar hayar keke a bakin gandun.

Daga cikin garin Naivasha za ka bi titin Moi South Lake fiye da kilomita 20, ko a motar haya da suke kira matatu ko a tasi, har mararrabar da ake karyawa zuwa ƙofar Elsa. Daga mararrabar zuwa ƙofar akwai kusan kilomita 2. Wuri uku ake samun keke: a mararrabar, a bakin ƙofa, da kuma masaukan da ke gefen tafki. Na mararraba sun fi yawan kekuna kuma sun fi karɓar ciniki, ga wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba: kilomita biyun nan gwaji ne kyauta. In keken yana da ciwo, zai nuna kafin ka biya kuɗin shiga, sai ka juyo a canza maka. Kuɗin shiga na hukumar kula da namun daji ta Kenya ne, daban yake da kuɗin haya, akwai kuma ɗan abin da ake biya na shigar da keken kansa. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, ta eCitizen ake biya, wato shafin intanet na gwamnatin Kenya, don haka ka gama da wannan tun kana inda sabis ke da ƙarfi.

Kekunan dai na hawan dutse ne masu giya, kuma yawancinsu sun sha wuya. Kullum suna cikin ƙura, kullum hannu daban ke riƙe da su. A jeri ɗaya za ka ga mai lafiya ƙalau kusa da wanda birkinsa suna ne kawai, kuɗinsu kuma ɗaya. Wanda ya zo da ƙarfe 7 na safe shi ke zaɓe; wanda ya zo da ƙarfe 11 sai ya ɗauki abin da aka bari. Kada fenti ya ruɗe ka. Minti goma ka ware, ka duba keken kamar mai shirin saya.

Fara da birki. Matse kowane hannu da ƙarfi: in ya taɓo roban da kake riƙewa, wayar ta saki ko robar birkin ta cinye. Leƙa robar, in zanen da ke jikinta ya shafe ta zama sumul, ta gama aiki. Sannan ka tura keken ka gane wane hannu ne na gaba, wane ne na baya, domin ba duka aka ɗaura su iri ɗaya ba, kuma wanda ya damƙe birkin gaba a gangara yana zaton na baya ne, ta saman kan keken zai sauka. Riƙe birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, ya yi sako-sako, a ɗaure ko a ba ka wani. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta kana kallon tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. In tana lilo tana gogar robar a kowane zagaye, za ka yi ta tuƙi da birki a kame ba ka sani ba, kuma a hanyar dawowa za ka ji a cinyarka.

Giya ita ce ta fi cin amanar mutane. Hau ka bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman mafi sauƙi, wato babban faranti na baya da ƙarami na gaba, don ita za ka nema a hawa. Daga nan ka miƙe tsaye ka taka feda da ƙarfi. In kaca ta yi tsalle ta zame, haƙoran sun cinye, kuma babu gyaran da za a yi mata a bakin ƙofa. Sirdi kuma ka sa a ɗaga shi yadda in ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sak. Masu haya sun saba barinsa ƙasa don baƙo ya ji ƙafarsa na taɓa ƙasa, amma tafiyar kilomita 16 a haka gwiwa take ci.

Iskar taya a sa ta tsaka-tsaki. Ga mai nauyin kilo 70, awo 30 zuwa 35 a ma'aunin PSI na famfo ya isa. In ta yi tauri kamar dutse, keken zai riƙa tsalle a kan gargada yana nutsewa a yashi. In ta yi laushi da yawa, rim zai cije tib a kan dutse ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Hular kwano, famfo da kayan faci ba lallai a haɗa maka da su ba sai ka tambaya, kuma a nan ne sana'ar ta fi rauni. Nemi famfo wanda bakinsa ya dace da bawul ɗin keken, ka karɓi lambar wayar mai keken, ku kuma yi magana ƙarara kan wa zai biya in wani abu ya karye. Faci ba abin mamaki ba ne a wurin, daji ne mai ƙaya. In ya same ka, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar kafin ka mayar da tib, in ba haka ba bayan mita ɗari za ka sake zama. Sholisho kuma a bar shi ya sha iska kamar minti 3 zuwa 5 har sheƙinsa ya dushe kafin a manna faci.

Hanyar da kusan kowa ke bi ita ce daga ƙofar Elsa zuwa bakin kwazazzabon Ol Njorowa, kusan kilomita 8 a tafi. Ba da nisa da shiga ba za ka tarar da hasumiyar Fischer, wani tsinin dutse mai tsawon mita 25 da aman wuta ya bari, an sa masa sunan Bajamushen nan Gustav Fischer da ya ratsa yankin a 1883. Daga nan hanya ta shige tsakanin jajayen duwatsu masu tsayi inda ungulaye ke sheƙa, ƙasa kuma fili ne na ciyawa da gadu ke kiwo a durƙushe kan gwiwoyinsa na gaba. Tuƙin ba wuya, yaro mai shekara 12 da ya iya keke zai yi shi. Sai dai tafiyar gangara ce a hankali, har mutum ya ɗauka shi gwani ne, dawowa kuwa hawa ne, da rana tsaka, a tudun da ya kai kusan mita 1,900 sama da teku. Jos ma da ake ganin tudu ce wajen mita 1,200 take. Numfashi zai yi maka gajarta fiye da yadda ka saba, don haka ka lissafa wa dawowa ninkin lokacin tafiya, ka riƙe ruwa lita 2 aƙalla, domin inuwa kaɗan ce a hanya.

Ƙasar wurin toka ce ta aman wuta, mai laushi kamar gari. Duk motar da ta wuce sai ta yi maka wanka da ita, kuma a inda ta taru tayar gaba na iya kwacewa. Maganinta shi ne ka sauko giya tun kafin ka shiga, ka ja nauyinka baya, ka ci gaba da taka feda ba tare da murɗa kan keke ba. Mai doguwar riga ko zani ko hijabi mai tsawo ya tattare gefen dama ya ɗaure, a nan kaca take.

Wanda ya iya keke da gaske, zagayen Buffalo (wato ɓauna) ne nasa, kusan kilomita 14 na hawa da gangara mai tsakuwa, daga samansa ana hango dutsen Longonot. Shi ne mafi daɗin tuƙi a gandun, mutane kuma ba su cika binsa ba. Amma kada a hau shi da keken da bai ci jarrabawar birki da giya ba, kuma kada a tafi mutum ɗaya. Sunan ba ado ba ne, akwai ɓauna. In ka hango garke a kan hanya, tsaya daga nesa ka jira su wuce ko ka juya. Wanda ya fi haɗari shi ne tsohon namijin da ya ware shi kaɗai a cikin kurmi. Gwaggon biri kuma a wuraren cin abinci yake jira, jaka a buɗe tasa ce.

Kwazazzabon da ƙafa ake shiga, tare da ɗan jagora, ana barin keke a sama. Ambaliya ta kashe mutane a cikinsa a 2012 da kuma 2019, domin ruwan da aka yi a can kan tuddai yana iya isowa ƙasa alhali a inda kake rana ake yi. Tambayi ma'aikata a ƙofa ko a buɗe yake ranar, in sun ce a'a kada ka nemi wanda zai ce maka e. Manyan ruwan sama daga Maris zuwa Mayu ne, ƙananan kuma wajen Oktoba zuwa Disamba. Janairu da Fabrairu, da Yuni zuwa Satumba, sun fi dacewa da keke.

Ta ɓangaren Olkaria yanayin ya canza: manyan bututu, tururi na tashi, da warin ruɓaɓɓen ƙwai na farar wuta. Tashar lantarki ce mai aiki da tururin ƙarƙashin ƙasa, ta fara aiki a 1981, kuma akwai wurin wanka na ruwan ɗumi da ake biya daban. Hanyar zuwa can hawa ce mai tsawo, wanda ya je da keken haya bayan azahar zai yi tsere da rufe ƙofa da ƙarfe 6 na yamma. In wankan na cikin shirinka, gara ka mayar da keke ka je a mota.