Zama biyu a SAT: wane maki jami'a za ta ɗauka?

Hajiya, kin ce ɗanki ya zauna SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, sau biyu. A watan Maris ya ci 620 a karatu da rubutu, 700 a lissafi. A Yuni karatun ya hau 680, lissafin kuma ya sauko 660. Kina so ki san wanne jami'o'in Amurka za su duba.

Jami'o'in kashi biyu ne. Akwai masu ɗaukar zama ɗaya, wanda jimlarsa ta fi yawa. A wurinsu makin yaron 1340 ne, na Yuni, wancan 700 ɗin na lissafi kuwa ya bi ruwa. Akwai kuma masu tsinta, irin su jami'ar MIT: su ɗauko 680 daga Yuni, su ɗauko 700 daga Maris, su haɗa ya tashi 1380 cikin 1600. Wannan shi suke kira superscore, kalmar da za ki nema a shafin kowace jami'a ke nan. Maki 40 ba abin rainawa ba ne a wurin da ake rububin gurbi.

Abin ya yi kama da yadda ake haɗa WAEC da NECO a nan gida, zama biyu. Sai dai a can galibi ba a haɗa SAT da ACT, wata jarrabawar shiga jami'a irinta, kowace da gidanta.

Wurin tura sakamako ma sun bambanta. ACT, mai maki 1 zuwa 36, tun 2021 ita ke tsinto mafi kyawun makin kowane fanni ta haɗa wa ɗalibi. A SAT kuwa ranar jarrabawa kawai za ki zaɓa, sakamakon ranar ya tafi dungurungum, jami'a ce ke yin tsintar da kanta. Don haka ku tura na Maris da na Yuni duka biyun. In kun tura na Yuni kaɗai, babu abin da za su haɗa.

Ni da zan ba da shawara, in zai sake zama, ya duƙufa kan karatu, tunda lissafin ya riga ya shiga aljihu. Amma kada ya yi wa lissafin riƙon sakainar kashi, domin jami'ar Georgetown kan buƙaci a tura mata duk zaman da ɗalibi ya yi, ta ga komai. Jami'ar Kalifoniya kuwa ta daina duba SAT gaba ɗaya wajen ɗaukar ɗalibai, kada ki ɓata kuɗin tura sakamako can.