Finafinan aji kan rayuwar matasa: NFB, BBC Teach da Planet Schule a ma'auni

Malamin da ke neman fim da zai buɗe bakin ɗalibai a kan abota, tsangwama a intanet ko rigimar cikin gida yana da rumbuna uku da suka yi suna: sashen ilimi na Hukumar Finafinai ta Kanada, wato NFB, wadda aka kafa a 1939, da BBC Teach na Birtaniya, da Planet Schule na tashoshin SWR da WDR a Jamus. Duk don aji aka tanade su, amma kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Ta fuskar ingancin fim, NFB ce a gaba. Finafinanta na gaskiya suna barin matashi ya yi magana da bakinsa, da in-inarsa da shirunsa, babu wani babba a gefe yana fassara masa rayuwarsa. Ɗalibai suna gane wannan nan take. Fim ɗin da ya zo musu da wa'azi kuwa, kafin minti 3 an fara hamma. Matsalar ita ce tsawo, domin da yawa daga cikinsu sun fi ƙarfin darasi ɗaya. Nan ne rajistar CAMPUS, tsarin NFB na malamai, wadda ake biya, take da amfani: tana ba da izinin nunawa a aji, da damar yanka fim gaɓa-gaɓa a jera abin da ake so. Ba tare da yankan nan ba, fim zai cinye lokaci a tashi ba a tattauna komai ba. Harsunan Turanci ne da Faransanci.

BBC Teach kyauta ne, bidiyonsa gajeru, galibi da bayanin malami a ƙasa. Sai dai an jera su bisa manhajar makarantun Birtaniya, wasu kuma ba sa buɗuwa a wajen ƙasar. Planet Schule ya fi sauran tanadin takardun aikin ɗalibai, amma akasari da Jamusanci ne, don haka ga wanda ba ya jin harshen, tsarin takardun kawai zai ara.

A darasin minti 40, kada fim ya wuce minti 12 zuwa 15. A ware minti 5 na farko don tambaya ɗaya tak da za a rubuta a allo, misali: a ina yarinyar nan ta fara ɓoye wa iyayenta gaskiya? A tsayar da fim sau ɗaya ko biyu, daidai lokacin da jarumin zai yanke shawara, kafin a ga abin da ya zaɓa. Ragowar lokacin na muhawara ne, kuma a fara da ƙungiyoyin mutum 3 ko 4, domin idan aka jefa tambayar ga aji gaba ɗaya, bakunan nan biyu da aka sani ne za su amsa.

Abin da ya fi lalata nuni shi ne sauti, ko da yake kowa hoto yake dubawa. Da zarar an jona wayar HDMI, mai haɗa kwamfuta da majigi, kwamfuta kan tura sauti zuwa 'yar ƙaramar sifikar majigi, sai na layin baya su ga baki na motsi ba sa jin komai. A shiga saitin sauti a mayar da shi kan sifika ta waje. Sifikar Bluetooth kan jinkirta murya har ta saɓa da motsin leɓe, waya mai kan milimita 3.5 ta fi aminci. Majigi mai ƙarfin haske na lumen 3,000 zai yi a ajin da aka rage haskensa, kuma a kunna rubutun ƙasan allo ko da ɗalibai suna jin harshen, saboda matasan cikin fim suna magana da sauri, suna haɗiye kalmomi. Fim na minti 15 a ingancin 720p yakan ci megabait 300 zuwa 400. Inda aka yarda a sauke, a sauke tun jiya; inda ba a yarda ba, a gwada buɗe shi a cikin ajin da kansa, don intanet ɗin ofishin malamai daban, na aji daban.

Akwai aibin da ukun suka yi tarayya a kai: fim a kan rayuwar matasa yana saurin tsufa. Tsohuwar waya a hannun jarumi ko manhajar da aka daina yayi ta isa ta mayar da labari mai nauyi abin dariya. A duba shekarar fitowa. Zanen motsi ya fi jure wannan, kuma NFB na da shi da yawa.

Malami ya kalli fim daga farko har ƙarshe kafin ya nuna, musamman mai taɓa cin zarafi ko rabuwar iyaye, domin mai yiwuwa akwai wanda labarin nasa ne a zaune a ajin. Kada a tambayi kowa ko ya taɓa faruwa da shi. A tsaya kan mutanen cikin fim, a kuma sanar da mai ba ɗalibai shawara tun kafin darasin.

Ga darasi guda na gaggawa, BBC Teach ya wadatar idan ya buɗe. Makarantar da za ta yi zango guda tana koyar da zamantakewa da fim, kuɗin CAMPUS ba asara ba ne, muddin akwai malamin da zai zauna ya yi yankan.