Wasiƙa daga Houston kan maganin firgicin yaƙi

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka ce in bincika maganin nan da ka ji ana gwadawa a kan tsofaffin sojojin Amurka, ko zai amfani ƙaninmu, tunda ya dawo daga Borno ba ya barci, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya zabura.

Sunansa MDMA, kuma ba a kantin magani ake samunsa ba, har yau haramtacce ne a nan. A wajen gwaji kawai ake bayarwa: sau uku, kusan wata guda tsakani, kowane zama awa 8. Mutum yana kwance, ƙwararru biyu na zaune gefensa, har ya iya ba da labarin abin da ya gani ba tare da tsoro ya shaƙe shi ba. A gwajin 2023, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun fita daga sahun masu ciwon. To amma waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki, aka yi musu irin wannan zaman, kashi 48 sun fita. Wannan na biyun shi ya tsaya min a rai, don ko babu maganin, kusan rabi sun samu sauƙi. A Agustan 2024 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta ƙi amincewa, ta ce a sake gwaji. Nan Texas kuma a 2025 an ware dala miliyan 50 don binciken wani magani na daban, ibogaine, daga itacen iboga na Gabon, wanda kan iya taɓa zuciya har ya kashe.

Maƙwabcina ya yi yaƙin Iraƙi. Ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. A jikin firijinsa ya manna 988, lambar da tsohon soja zai kira ya danna 1, ko ƙarfe ukun dare ne a amsa masa. Wannan kam sun fi mu. Sai dai shi kaɗai yake cin abinci, ranar Asabar kawai nake leƙa shi. Namu kuwa gida cike yake da mutane, amma kowa cewa yake iska ce, ko kuma namiji ba ya kuka.

Don Allah kada kowa ya saya masa wata ƙwaya da sunan wannan magani. Ka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, zan turo kuɗin mota da na likita ƙarshen wata. Ka gaya wa Inna ta riƙa kiran sunansa daga bakin ƙofa kafin ta taɓa shi.